Tara bajojin sojojin sa-kai na Sikotland

Tara bajojin sojojin sa-kai na Sikotland wani reshe ne na sha'awar tara kayan tarihin soja. Ya keɓanta ga alamomin da bataliyoyin sojan ƙasa na ko-ta-kwana a Sikotland suka riƙa maƙalawa a kakinsu tun daga 1859 har zuwa yau. Alamomin sun haɗa da bajon hula, lambar kafaɗa, bajon wuyan riga, maɓallai, farantin ɗamara, da tambarin yadi da ake ɗinkawa a hannun riga. Mutanen da suka sanya su ba sojojin dindindin ba ne. Masu sana'a ne, lauyoyi da ma'aikatan banki da maƙera da masunta da manoma, waɗanda ke zuwa atisaye da yamma ko a ƙarshen mako, su shiga sansanin horo sau ɗaya a shekara, a kuma kira su idan yaƙi ya taso.

Abin da ya sa masu tarawa ke neman waɗannan bajoji fiye da na rundunonin dindindin shi ne yawan nau'insu da ƙarancin kowane nau'i. Bajon babbar runduna kamar Black Watch an buga shi da yawa ƙwarai a yaƙe-yaƙen duniya biyu. Bajon ƙaramin kamfanin sa-kai na wani gari a shekarun 1860 kuwa, mai yiwuwa mutanen da suka taɓa sanya shi ba su kai ɗari ba. Wannan ƙaranci ne ya ɗaga farashi, shi ne kuma ya jawo masu ƙera jabu.

Asalin rundunonin

A 1859 mutanen Birtaniya sun shiga fargabar cewa Faransa ƙarƙashin Napoleon na Uku za ta kawo musu hari. A ranar 12 ga Mayu na shekarar, Ma'aikatar Yaƙi ta ba wakilan Sarauniya a gundumomi izinin kafa ƙungiyoyin 'yan bindiga na sa-kai. A Sikotland abin ya karɓu nan da nan. A Edinburgh an kafa kamfanoni bisa sana'a: na lauyoyi daban, na ma'aikatan banki daban, na akantoci, na ɗaliban jami'a, na masu aikin hannu. Wani lauya mai suna John Hope ya kafa nasa kamfanin na waɗanda suka yi alkawarin ba za su sha giya ba. A gundumar Lanarkshire, inda birnin Glasgow yake a wancan tsarin, lambobin ƙungiyoyin sun haura 100.

Da farko gwamnati ba ta ba su kaki ba. Kowace ƙungiya ita ke zaɓar launin tufafinta, ta kuma biya tela da maƙeri daga aljihun membobi ko na attajiran gari. Wasu sun zaɓi ruwan toka, wasu kore mai duhu, wasu ja. Hakan ya sa bajojin shekaru ashirin na farko ba su da tsari ɗaya. Ranar 7 ga Agusta 1860 Sarauniya Victoria ta duba faretin sojojin sa-kai sama da 20,000 a filin Holyrood da ke Edinburgh. An sake irin wannan fareti a wuri guda ranar 25 ga Agusta 1881, wannan karon da mutum kusan 40,000, cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, har ya zama da ruwan ake tuna faretin.

Tasirin waɗannan ƙungiyoyi bai tsaya ga soja ba. Kulob ɗin ƙwallon ƙafa na Third Lanark, wanda ya ci gasar Sikotland a 1904 kuma ya rushe a 1967, 'yan ƙungiya ta uku ta Lanarkshire ne suka kafa shi a 1872. William Alexander Smith, hafsa a ƙungiya ta ɗaya ta Lanarkshire, shi ya kafa Boys' Brigade a Glasgow a 1883.

A 1880 aka haɗe ƙananan ƙungiyoyin zuwa cikakkun bataliyoyi. Shekara guda bayan haka, gyaran da ministan yaƙi Hugh Childers ya yi ya ɗaura kowace bataliyar sa-kai ga rundunar dindindin ta yankinta, kuma kafin ƙarshen shekarun 1880 yawancinsu sun ɗauki sunan uwar rundunar. Daga nan bajojinsu suka fara kama da nata, sai dai da ƙarin rubutu mai nuna lambar bataliya da haruffan V.B., wato bataliyar sa-kai. Ƙa'idar zamanin ita ce inda sojan dindindin ke sanya ado mai launin zinariya, na sa-kai ya sanya mai launin azurfa. A Yaƙin Boer na 1899 zuwa 1902 bataliyoyin sun aika kamfanonin 'yan sa-kai zuwa Afirka ta Kudu, abin da ya ba su lambar yabo ta yaƙi ta farko, wadda ake rubutawa South Africa 1900-02.

Sauyin 1908

Richard Haldane, haifaffen Edinburgh, shi ne ministan yaƙin da ya rushe tsohon tsarin. Bisa dokar da majalisa ta zartar a 1907, ranar 1 ga Afrilu 1908 aka kafa Territorial Force, wato rundunar yankuna. Bataliyoyin sa-kai suka bar tsofaffin lambobinsu suka ci gaba da lissafin uwar runduna: idan ta ɗaya da ta biyu na dindindin ne, ta uku ta tsoffin sojojin gunduma, to na yankuna kan fara daga ta huɗu ko ta biyar. An kasa yawancin na Sikotland cikin manyan runduna biyu, ta tsaunukan arewa da ta kwarin kudu, waɗanda a 1915 aka ba su lamba 51 da 52.

Wannan shekara ta 1908 ita ce iyakar da masu tarawa ke raba fagen da ita. Duk abin da ya gabace ta "na sa-kai" ne, abin da ya biyo baya "na yankuna". A 1921 aka sauya sunan zuwa Territorial Army, a 2014 kuma zuwa Army Reserve.

Yarjejeniyar sojan yanki ta tsaron gida ce kawai, ba a tilasta masa fita ƙasar waje. Daga 1910, wanda ya sa hannu cewa ya yarda a tura shi ƙetare ana ba shi ɗan ƙaramin bajo na farin ƙarfe, mai kambi a sama da rubutun Imperial Service, ya maƙala a ƙirjin dama. Bajon ba shi da tsada a kasuwa domin an yi shi da yawa, amma yana da amfani wajen karanta tsofaffin hotuna: ganinsa a ƙirjin soja ya isa shaida cewa na yankuna ne, kuma hoton bai gabaci 1910 ba.

Abin da ke kan bajon hula

Bajojin hular Sikotland sun fi na Ingila girma, saboda a gefen hula ake maƙala su, ba a goshi ba. Hulunan da aka fi sani su ne gilengari, wadda take a naɗe mai igiyoyi biyu a baya, da Balmoral, da Tam o' Shanter mai faɗi wadda ta shiga kakin fagen fama a 1915. Sau da yawa akan sa ɗan ƙyallen tatan, wato yadin nan mai ratsin murabba'i, a bayan bajon.

Wasu siffofi na maimaituwa: furen ƙaya da ake kira tisil, wanda shi ne alamar ƙasar; gicciye mai siffar X na Waliyyi Andrew; zaki a tsaye kan ƙafar baya; da begila, wadda ke nuna rundunar 'yan bindiga masu saurin tafiya. Bajon Seaforth Highlanders kan barewa ne mai rassan ƙaho. Na Cameronians tauraro ne mai tsini biyar a kan begila, kewaye da furen ƙaya. Na Highland Light Infantry yana da giwa da kalmar Assaye, tunawa da yaƙin da aka yi a Indiya a 1803. Na Black Watch yana da gunkin Sifinkis na Masar saboda yaƙin 1801.

Waɗannan biyu na ƙarshe su ne suka haifar da bambanci mafi muhimmanci tsakanin bajon dindindin da na yankuna. Hukuma ta ga cewa bataliyar da aka kafa a 1859 ba ta da hakkin sanya lambar yaƙin 1801 ko 1803. Don haka aka yi wa bataliyoyin yankuna nasu samfurin: a wasu an cire Sifinkis, a wasu an bar allon rubutun babu komai, a wasu bataliyoyin Highland Light Infantry kuma an maye gurbin Assaye da South Africa 1900-02. A cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, bayan jinin da suka zubar, aka ba su izinin sanya bajo iri ɗaya da na dindindin. Ke nan waɗannan samfura na musamman shekaru kaɗan suka yi ana amfani da su, shi ya sa ake rububinsu.

Harsunan taken runduna

Ƙaramin fage ne, amma taken da ke kan bajojin Sikotland ya ƙunshi harsuna biyar, kuma kowanne yana nuna wani sashe na tarihin ƙasar. Da Latin akwai Nemo me impune lacessit, taken sarautar Sikotland, ma'ana ba mai tsokana ta ya kwana lafiya. Shi ne ya fi yawa. Da Latin kuma akwai Ne obliviscaris, kada ka manta, taken gidan Campbell na Argyll. Da harshen Gelik na mutanen tsaunuka akwai Cuidich 'n Righ, taimaki sarki, na Seaforth. Da Faransanci akwai Sans Peur, ba tsoro, taken gidan Sutherland. Da Ingilishi akwai Strike Sure na London Scottish, wato ka buga bugun da ba kuskure.

Na biyar shi ne Bydand na Gordon Highlanders, wanda mutane da yawa ke ɗauka Gelik ne alhali ba shi ba ne. Kalma ce ta harshen Scots, ɗan'uwan Ingilishi da ake yi a kudu da gabashin ƙasar. Tushenta aikatau ne mai ma'anar zama ko jira, sai ɗafa-ƙeyar -and da tsohon Scots ke amfani da ita wajen nuna aiki mai ci gaba, inda Ingilishin yau ke da -ing. Ma'anarta dai mai tsayawa daram.

Rubutun kansa ma yakan bambanta. A kan bajojin Black Watch da na bataliyoyin da suka kwaikwaye su ana samun LACESSIT, ana kuma samun LACESSET. A nahawun Latin waɗannan siga biyu ne daban, ta farko ta lokacin yanzu, ta biyu ta lokaci mai zuwa, kuma ta farkon ce taken hukuma. Duka biyun suna kan bajoji na gaske, don haka harafin E shi kaɗai ba ya tabbatar da jabu, kamar yadda ba ya tabbatar da tsufa.

Bataliyoyi masu bajon kansu

Yawancin bataliyoyin yankuna bajon uwar runduna suka sanya, ko da ɗan gyara. Kaɗan ne suka riƙe nasu dabam, kuma su ne ginshiƙin kowane tari.

Bataliya ta 5 ta Seaforth Highlanders, ta gundumomin Sutherland da Caithness a can ƙarshen arewa, ba ta sanya kan barewa ba. Bajonta kyanwar daji ce a zaune cikin da'ira mai rubutun Sans Peur, domin asalinta sojojin sa-kai ne na ƙasar Duke na Sutherland. Hafsoshinta kan ƙara gashin tsuntsu na azurfa a bayan bajon, yawan gashin gwargwadon muƙami. Saboda kyansa da saukin siffarsa, yana cikin waɗanda aka fi kwaikwaya.

Glasgow Highlanders lamarinta ya fi rikitarwa. Mutanen tsaunuka da suka yi ƙaura zuwa Glasgow ne suka kafa ta a 1868 a matsayin ƙungiya ta 105 ta Lanarkshire, suka ɗauki tufafi irin na Black Watch. Da aka zo tsarin 1881 sai aka ɗaura ta ga Highland Light Infantry, rundunar birnin, a 1908 kuma ta zama bataliyarta ta 9. Amma ba ta bar tatan ɗin Black Watch ba, bajonta ma siffar na Black Watch ne, sunan da ke kan allunan rubutun ne kawai ya bambanta. Wanda bai karanta rubutun ba zai jera shi a inda ba wurinsa ba. Haka bataliyar masu keke ta tsaunuka, Highland Cyclist Battalion, wadda ita ma daga Black Watch ta fito.

Royal Scots, runduna mafi tsufa a sojan ƙasa na Birtaniya, ta samu bataliyoyin yankuna bakwai a 1908, daga ta 4 zuwa ta 10. Ta 4 da ta 5 sun gaji sunan Queen's Edinburgh Rifles. Ta 9, wadda aka kafa a 1900 domin 'yan tsaunuka mazauna Edinburgh, ita ce mai ɗaura kilt, wato siket ɗin gargajiya na maza, a rundunar da sauran ke sa wando. Ta 10 ta masu keke ce. Ta 7, ta garin Leith, ita ce hatsarin jirgin ƙasa na Quintinshill ya rutsa da ita ranar 22 ga Mayu 1915 a hanyarta ta zuwa Gallipoli. Mutum sama da 200 suka mutu, akasarinsu sojojinta, kuma har yau shi ne hatsarin jirgin ƙasa mafi muni a tarihin Birtaniya.

Akwai kuma rundunoni biyu da ba a Sikotland suke ba amma ba a raba su da wannan fage. London Scottish an kafa ta a 1859 ƙarƙashin Lord Elcho, wanda ya zaɓa mata yadi mai launin toka-toka maras ratsi domin kada a fifita tatan ɗin wani dangi kan na wani. Ta shiga yaƙi a Messines da ke Beljiyam ranar 31 ga Oktoba 1914, kuma ita ake lissafawa bataliyar sojan ƙasa ta yankuna ta farko da ta gwabza da Jamusawa. Liverpool Scottish an kafa ta a 1900, ta zama bataliya ta 10 ta King's Liverpool Regiment a 1908, shi ya sa bajonta na wancan lokaci ya haɗa farin dokin uwar rundunar da gicciyen Sikotland. A 1937 aka mayar da ita ƙarƙashin Cameron Highlanders, bajon ya sauya. Likitanta, Noel Chavasse, yana cikin mutum uku kacal da aka ba lambar Victoria Cross sau biyu.

Lambar kafaɗa da tambarin yadi

Lambar kafaɗa ta sojan yanki hawa uku ce, ta tagulla: harafin T a sama, lambar bataliya a tsakiya, sunan runduna a ƙasa. Idan bajon hula ɗaya ne ga bataliyoyi huɗu ko biyar, lambar kafaɗa ce kaɗai ke faɗin wacce. Bayan ɓarkewar yaƙi a 1914 kowace bataliya ta haifi ta biyu da ta uku, aka riƙa rubuta 1/5, 2/5, 3/5 a takardu. A 1917 aka sake wa sojojin ƙasa na yankuna lambobin aiki masu alƙaluma shida, kowace bataliya da nata kason. Idan bajo ya zo tare da lambar yabo mai ɗauke da irin wannan lamba, ana iya gano bataliyar mai shi. Bayan yaƙin an haɗe bataliyoyi da dama, irin su 4/5 da 6/7 na Black Watch da 7/9 ta Royal Scots, sababbin lambobin kafaɗa suka fito. Da aka shiga yaƙin 1939 aka daina sanya harafin T.

Tambarin yadi na manyan runduna wani fanni ne mai masoyansa. Na runduna ta 51 haruffan HD ne a haɗe cikin da'ira. An kama akasarin wannan runduna a St Valery da ke Faransa ranar 12 ga Yuni 1940, aka sake gina ta daga runduna ta 9 ta tsaunuka, ta yi yaƙin El Alamein a 1942. Runduna ta 52 a Yaƙin Duniya na Biyu ta sanya farin gicciye a kan shuɗiyar garkuwa, da kalmar MOUNTAIN a ƙasa, domin an horar da ita yaƙin duwatsu. Da lokacin ya yi a ƙarshen 1944, a tsibirin Walcheren na Holand aka tura ta, ƙasar da wani sashenta ke ƙasa da matakin teku. Runduna ta 15, wadda aka ciro daga ta 52 a 1939, jan zaki ta sanya cikin harafin O, harafi na 15 a abacadar Ingilishi.

Yadda ake gane shekarun bajo

Abu na farko da ake dubawa shi ne kambi. Na zamanin Victoria ya tsaya a 1901. Daga 1902 aka koma kambin Tudor mai zagayayyen sama, wanda masu tarawa ke kira kambin sarki, har zuwa hawan Elizabeth ta Biyu, lokacin da kambin St Edward mai lotsawa a tsakiya ya maye gurbinsa daga 1953. Sarki Charles na Uku ya dawo da na Tudor. Sai dai kambi iyakar farko yake nunawa, ba ta ƙarshe ba: soja ba ya zubar da kayan da ke sito don sarki ya mutu, sojojin sa-kai da suka sayi nasu da kuɗinsu kuwa sun fi kowa jinkirin sauyawa. Ga kuma bajoji da dama, kamar na Seaforth, da ba su da kambi sam a samfurin ƙananan sojoji.

Na biyu shi ne ƙarfen. Yawancin bajojin ƙananan sojoji na Sikotland na farin ƙarfe ne, haɗin jan ƙarfe da nikel da zinki. Rundunonin 'yan bindiga kan baƙanta nasu. A Yaƙin Duniya na Biyu an yi wasu da roba domin tsimin ƙarfe, daga shekarun 1950 kuma aka shigo da na alminiyam mai ƙyalli wanda ba ya buƙatar gogewa. Hafsoshi su ke sayen nasu, sau da yawa na azurfa. Wannan ya fi sauƙin tantancewa, saboda azurfar Birtaniya tana ɗauke da hatimin ofishin gwaji, da harafin shekara, da alamar maƙeri. Hatimin Edinburgh ganuwa ce mai hasumiya uku. Glasgow tana da nata ofishin har zuwa 1964.

Na uku shi ne bayan bajon, kuma ƙwararru sun fi daɗewa a kansa fiye da gaban. Bajon ƙananan sojoji na gaske galibi bugawa aka yi tsakanin ƙarafan zane biyu, don haka zanen gaba yana fitowa sarai a baya, a juye. Bajojin Sikotland akasari kunnuwa biyu na jan ƙarfe gare su, waɗanda ake zura wa fil mai baki biyu daga cikin hula, saɓanin dogon harshen da yawancin na Ingila ke da shi. Wasu na ɗauke da sunan kamfani, kamar J.R. Gaunt ko Firmin, amma da yawa na gaske ba su da suna ko kaɗan.

Jabu

Wannan ita ce babbar matsalar fagen. Tun daga shekarun 1970 kasuwa ta cika da bajojin da aka yi domin masu tarawa, ba domin soja ba. Iri uku ne. Akwai wanda aka sake bugawa da tsohon ƙarfen zane na asali, wanda gabansa ba ya bambanta da na gaske sai an duba nauyi da launin ƙarfe da yadda aka liƙa kunnuwa. Akwai wanda aka yi wa sabon ƙarfen zane, shi kuma yakan kuskure a ƙananan abubuwa kamar siffar haruffa ko yawan ganyen fure. Akwai na zubi, wanda aka kwafo daga bajo na gaske, ana gane shi da dusashewar zane da ƙananan ramuka. Ko a nan ma sai an yi hattara, domin sojojin da ke Indiya da Masar sun sa maƙeran kasuwa sun zuba musu bajoji, kuma waɗannan na zamanin ne.

Bajojin yankuna suna da wata irin cuta ta daban. Tunda bambancinsu da na dindindin ɗan kaɗan ne, ana iya ɗaukar bajo na gaske mai araha a goge rubutun allonsa ko a yanke Sifinkis, ya koma "na yankuna" mai tsada. Lambar kafaɗa ma haka: a samo T daga nan, lamba daga can, a liƙa su kan sunan runduna. Kowane yanki na gaske ne, haɗin ne ƙarya. Sunan kamfani a baya ma ba hujja ba ce, don an kwaikwayi hatiman kamfanoni. Tsatsa da dauɗa kuwa abu ne da ake yi wa sabon ƙarfe cikin kwana kaɗan. Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce sanin hannun da bajon ya bi, misali ya fito daga iyalin sojan tare da hotonsa da takardunsa.

Ɓarnar ba ta tsaya ga aljihun mai saye ba. Idan jabu ya shiga littafi ko akwatin gidan tarihi, sai ya zama ma'aunin da ake gwada wasu da shi, har a ƙirƙiro wa wata bataliya samfurin da ba ta taɓa sanyawa ba.

Bajojin da aka tono

Har yanzu ana samun gawarwakin sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya a gonaki da wuraren gini a arewacin Faransa da Beljiyam. Alamar suna da aka ba sojoji a yawancin shekarun yaƙin ba ta ƙarfe ba ce, ta ruɓe tuntuni. Abin da kan rage shi ne tagulla: maɓalli, bajo, lambar kafaɗa. Sashen Ma'aikatar Tsaron Birtaniya da ke binciken irin waɗannan gawarwaki yana farawa ne daga nan. Lamba mai T da lambar bataliya takan rage waɗanda ake zato daga dubbai zuwa 'yan kaɗan da suka ɓace a wannan wuri a wannan rana, daga nan a nemi danginsu a yi gwajin ƙwayar halitta. Idan mai tono ya riga ya cire lambar ya kai kasuwa, sai a binne mutumin ba suna. Dokar Faransa ta hana neman kayan tarihi da na'urar gano ƙarfe ba tare da izini ba, kuma masu tarawa da dama ba sa sayen bajon da aka ce daga fagen fama aka tono shi. A Sikotland kanta, duk kayan tarihin da aka tsinta a ƙasa mallakar Sarauta ne, dole a kai rahotonsa, ko da ba na zinariya ko azurfa ba ne.

Mallakar bajo da sayar da shi halal ne a dokar Birtaniya. Abin da dokar kaki ta 1894 ta hana shi ne wanda ba soja ba ya sanya kakin soja ba da izini ba, in ban da a wasan kwaikwayo da makamantansa.

Inda ake nazari

Littafin da James Moncrieff Grierson ya wallafa a 1909, Records of the Scottish Volunteer Force 1859-1908, shi ne tushen sanin zamanin sa-kai, domin ya bi ƙungiyoyin ɗaya bayan ɗaya da hotunan tufafinsu masu launi. Wajen bajon hula kuwa, kundin Arthur Kipling da Hugh King mai juzu'i biyu ya zama ma'auni, har dillalai da gidajen gwanjo kan ambaci bajo da lambar da yake da ita a cikinsa. Gidajen tarihin rundunoni suna da tarin da aka san asalinsa: na Royal Scots da gidan tarihin yaƙi na ƙasa a fadar Edinburgh, na Black Watch a Balhousie da ke Perth, na Gordon Highlanders a Aberdeen, na Argyll and Sutherland Highlanders a fadar Stirling, na Seaforth da Cameron a Fort George kusa da Inverness, na Cameronians a Hamilton.

Bayan 1967

A 1967 gwamnati ta rage rundunar yankuna ƙwarai. Tsofaffin bataliyoyi suka koma kamfanoni a cikin sababbin runduna biyu, 51st Highland Volunteers da 52nd Lowland Volunteers. Bajojin wannan zamani na alminiyam ne, an daɗe ana raina su, amma wasu ba su daɗe a aiki ba kuma yanzu suna da masu nema. Ranar 28 ga Maris 2006 aka haɗe rundunonin sojan ƙasa na Sikotland cikin Royal Regiment of Scotland. Ta 52 ta zama bataliya ta 6 mai hedikwata a Glasgow, ta 51 ta zama ta 7 mai hedikwata a Perth. Duk bataliyoyin, na dindindin da na ko-ta-kwana, bajo ɗaya suke sanyawa: zaki a kan gicciye, kambin Sikotland a sama, taken Latin a ƙasa. Abin da ke bambanta su shi ne launin tuntun gashin da ake sokawa a bayan bajon, ruwan toka ga bataliya ta 6, shunayya ga ta 7.